Kafin a San Ciki Ya Shiga: Sharhi kan Makonnin Farko na Halittar Ɗan Adam

A watan Nuwamban 2021 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike da masana daga Jami'ar Oxford da abokan aikinsu na birnin Munich a Jamus suka yi a kan ɗan tayi guda ɗaya tak. Kwanansa tsakanin 16 da 19 ne da haɗuwar ƙwai da maniyyi. Wata mata ce ta yarda a yi nazarinsa bayan an cire mata ciki a asibiti. Masanan suka warware shi, suka duba ƙwayoyin halittarsa 1,195 ɗaya bayan ɗaya, don su ga aikin da kowace ta kama. A yawancin fagagen ilimi samfuri ɗaya ba ya zama hujja, amma wannan ya ja hankalin duniya, domin ɗan tayi mai waɗannan kwanaki da ƙyar yake zuwa hannun masu bincike. Mai ɗauke da shi galibi ba ta ma tabbatar tana da ciki ba, dokokin ƙasashe da dama kuma sun hana a raini irinsa a ɗakin gwaji har ya kai nan. Ga shi kuwa a kwanakin nan ne ake tsayar da ina kai zai kasance, ina baya, ina dama da hagu, da kuma wace ƙwaya ce za ta zama ƙwaƙwalwa, wace za ta zama hanta.

Sai mun gyara lissafi tukuna. A wurin awon ciki ana ƙirga makonni ne daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, saboda ita mace ke iya tunawa. Masu nazarin tayi kuwa daga ranar da maniyyi ya shiga ƙwai suke farawa, wato kamar mako biyu bayan waccan. Kwanakin da zan ambata duk na lissafi na biyu ne. In na ce kwana 28, a katin awo mako shida ke nan.

Haɗuwar tana faruwa ne a bututun da ke kai ƙwai daga ma'ajiyarsa zuwa mahaifa, can inda bututun ya fi faɗi. Ƙwan mace kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, kuma duk da haka yana cikin ƙwayoyin halitta mafi girma a jikin mutum. Shi ya zo da kuromosom 23, ƙwayar maniyyi ta zo da 23, suka cika 46. Nan take maganar namiji ko mace ta ƙare: ƙwai kullum X yake ɗauke da shi, maniyyi ne ke zuwa da X ko Y. Magidancin da ke ɗaure wa matarsa fuska don tana ta haifa masa 'ya'ya mata, da ya san wannan da ya saki ransa.

Bayan kamar kwana ɗaya ƙwayar ta rabu biyu, biyu suka zama huɗu, a kwana na uku an kai wajen takwas. Duk wannan rabuwa ba ta ƙara wa abin girma, domin suna nan cikin ɓawon da ya kewaye ƙwan tun asali, kowace rabuwa sai dai ta ƙara ƙanƙantar da su. A haka curin ke gangarawa. Idan ya maƙale a hanya ya kama jikin bututun, shi ne cikin da ake cewa ya zauna a wajen mahaifa, wanda ke samun ciki 1 zuwa 2 cikin 100, kuma in bututun ya fashe sai an yi tiyatar gaggawa. A kwana na biyar ya zama ƙwallo mai ruwa a ciki, kuma an yi rabon aiki na farko: ƙwayoyin da suka yi bango su za su zama mabiyiya, ɗan curin da ya taru a gefe guda daga ciki kuma daga shi mutum zai fito. Ƙwallon ya fasa ɓawonsa, a kwana na shida zuwa na bakwai ya soma nutsawa cikin bangon mahaifa. Ƙwayoyin bangon nan su ke fitar da sinadarin hCG, wanda tsinken gwajin fitsari ke ganowa ya nuna layi biyu.

Mako na biyu yawancinsa shirin masauki ne. Curin ciki ya baje ya zama faifai mai hawa biyu. A samansa jakar ruwa ta buɗe, wadda ita ce fayar da ke fashewa lokacin naƙuda. A ƙarƙashinsa wata jaka ta buɗe, wadda a bangonta za a fara ƙera jinin farko. A ƙarshen makon faifan bai kai rabin milimita ba, kuma mai kallonsa ba zai ce ga gaba ga baya ba.

Sai kwana na 15, daidai lokacin da mace ke fara cewa ta yi ɓatan wata. A gefe guda na hawan sama sai wata 'yar tsaga ta bayyana, ta miƙe zuwa tsakiyar faifan. Masana na kiranta tsagar farko. Da bayyanarta jiki ya sami alƙibla: inda ta taso nan ne ƙasan jiki, inda ta nufa nan kai zai fito, gefunanta biyu su ne dama da hagu. Daga nan ƙwayoyin hawan sama suka fara ƙaura. Ƙwayar da take zaune manne da maƙwabtanta sai ta saki riƙon, ta sauya siffa, ta gangara bakin tsagar, ta nutse, ta ɓullo ta ƙasa ta ci gaba da tafiya. Ayarin farko da ya nutse ya ture tsohon hawan ƙasa gefe ya maye gurbinsa. Ayari na biyu ya bazu a tsakani. Waɗanda ba su yi ƙaura ba suka tsaya a sama. Cikin kwanaki kaɗan faifai mai hawa biyu ya zama mai shimfiɗa uku, kuma dukkan ukun daga hawan sama suka fito. Tsohon hawan ƙasa ya koma aikin jaka, ba shi da wani rabo na a zo a gani a jikin jaririn.

A littattafan likita sunayensu ektodam, mesodam da endodam, wato shimfiɗar waje, ta tsakiya da ta ciki. Ta waje ita ke ba da saman fata, gashi, farce, farin ɓawon haƙori, madubin ido, sannan, abin da ya fi ba ni mamaki, ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin ji gaba ɗaya. Fatar da mutum ke shafa wa mai da ƙwaƙwalwar da yake tunani da ita tushensu ɗaya. Ta tsakiya ita ta ɗauki nauyi mai yawa: tsoka, yawancin ƙasusuwa, zuciya, jini da hanyoyinsa, ƙoda, saifa, ƙasan fata, 'ya'yan maraina da ma'ajiyar ƙwai. Ta ciki ita ke shafe cikin hanji da tumbi da hanyoyin numfashi da mafitsara, daga jikinta kuma hanta ke tsirowa, da gaɓar da ke samar da insulin, da ƙullutun wuya wanda in ya kumbura muke cewa maƙoƙo.

Ɗalibai kan haddace wannan rabo kamar jadawali, amma jiki bai bi shi tsaf haka ba. Kusan babu gaɓar da shimfiɗa ɗaya ta gina ita kaɗai. Ɗauki hanji: shafin cikinsa daga ta ciki, tsokar da ke matsa abinci daga ta tsakiya, jijiyoyin da ke ba tsokar umarni daga ta waje. Akwai kuma wani rukuni na ƙwayoyi da ke ɓallewa daga gefen bututun da zai zama laka su watsu cikin jiki, su ne ke ƙera yawancin ƙasusuwan fuska da ƙwayoyin da ke ba fata launi, har wasu masana na ganin sun isa a kira su shimfiɗa ta huɗu. Ga kuma ƙwayoyin da za su zama ƙwai ko maniyyin wannan ɗan tayin in ya girma: tun a waɗannan makonni ake ware su gefe, daga baya su yi tattaki zuwa mazauninsu. Ma'ana, irin jikoki an riga an keɓe shi alhali kakar ba ta fara laulayi ba.

An daɗe kafin a gano haka. Aristotal ya riƙa fasa ƙwan kaza kwana bayan kwana yana kallon yadda gaɓoɓi ke fitowa a jere, amma bayan ƙirƙiro madubin ganin ƙananan abubuwa Turawa da yawa sun koma ga ra'ayin cewa mutum yana nan cikakke, ƙanƙane kawai, a cikin ƙwai ko maniyyi, girma ne ya rage masa. A 1694 Nicolaas Hartsoeker ɗan ƙasar Holan har zana wani ɗan mutum ya yi a dunƙule cikin kan ƙwayar maniyyi. Caspar Friedrich Wolff ya ƙi wannan ra'ayi a 1759, ya ce gaɓoɓi ƙera su ake yi daga abin da ba shi da siffa. A 1817 Christian Pander ya bayyana shimfiɗun a ƙwan kaza. Abokinsa Karl Ernst von Baer ya gano ƙwan dabba mai shayarwa a 1827, a jikin karya, ya kuma nuna cewa tsarin shimfiɗun ya game dabbobi masu ƙashin baya. Robert Remak a Balin ya daidaita bayanin shimfiɗa ukun a shekarun 1850. Kifi, kwaɗo, kaza da mutum duk ta wannan mashiga suke wucewa.

Tambayar da ta rage ta fi wuya. Tunda kowace ƙwaya kayan gado iri ɗaya take ɗauke da su, wa ke faɗa wa wannan ta zama laka, waccan ta zama ƙoda? Amsar farko ta fito daga Jami'ar Freiburg a 1924. Wata ɗaliba mai suna Hilde Mangold, a ƙarƙashin malaminta Hans Spemann, ta yi aiki da ƙwayayen wata halittar ruwa dangin kwaɗo mai jela, iri biyu, ɗaya mai haske ɗaya mai duhu. Da allurar gilashi ta yanko ɗan ƙaramin nama daga bakin wurin da ƙwayoyi ke nutsewa a tayi ɗaya, ta dasa shi a ɓangaren ciki na wani tayin. Sai ga jiki na biyu ya tsiro a wurin, da lakarsa da tsokarsa, manne da na farko. Bambancin launi ya tona asirin: yawancin sabon jikin daga ƙwayoyin mai masauki aka gina shi. Ɗan naman da aka dasa umarni ya bayar, maƙwabta suka bi. Mangold ba ta ga darajar aikinta ba, domin a watan Satumban wannan shekarar na'urar ɗumama ta fashe a ɗakin girkinta ta rasu tana da shekara 25. Spemann ya karɓi kyautar Nobel a 1935.

A jikin mutum, kwatankwacin wannan mai ba da umarni wani ɗan ƙulli ne a kan tsagar farko. Daga gare shi wata siririyar sanda ke miƙewa zuwa wajen kai, a tsakiyar faifan. Sinadaran da sandar da ƙullin ke fitarwa su ke sa shimfiɗar waje da ke samansu ta bar hanyar zama fata ta kama hanyar zama laka. Ƙwaya tana gane matsayinta ne daga yawan sinadarin da ya iso ta: na kusa da tushe su sami mai yawa su zama abu kaza, na nesa su sami kaɗan su zama wani abu. Sandar kuma in ta gama aikinta sai ta shuɗe, ɓurɓushinta kawai ke saura a tsakiyar guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya. Hatta zaman zuciya a hagu da hanta a dama a wajen ƙullin nan ake tsara shi. Binciken da masanan Japan suka yi a kan ɓeraye a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna wasu ƙananan gasu a wurin suna juyawa suna kora ruwa zuwa hagu, wannan kwararar ce ke bambanta gefen biyu. Kamar mutum 1 cikin 10,000 ana haifarsa da kayan cikinsa a juye, zuciya a dama, kuma da yawansu lafiya lau suke rayuwa har sai hoton asibiti ya nuna.

A mako na huɗu faifan ya daina zama shimfiɗaɗɗe. Gefunansa suka lanƙwaso suka haɗu ta gaba kamar an naɗe tabarma, shimfiɗar ciki ta koma can ciki ta zama bututun hanji, ta waje ta lulluɓe komai. Ta baya kuma gefuna biyu na shafin da zai zama laka suka ɗago suka haɗe suka zama bututu, an fara daga tsakiya ana rufewa sama da ƙasa. Bakin sama yakan rufe wajen kwana na 25, na ƙasa wajen kwana na 27 zuwa 28. Zuciya, wadda a lokacin bututu ce kawai, ta soma bugawa wajen kwana na 22. Duk tsawon ɗan tayin a ƙarshen makon milimita 4 ne zuwa 5. Kafin ƙarshen mako na takwas an aza tushen dukkan manyan gaɓoɓi, tsawonsa ya kai kamar santimita 3, abin da ya rage girma ne da nuna.

Mai fahimtar wannan jeri zai gane asalin lalurori da dama da muke gani a ɗakunan haihuwa. In bakin sama na bututun bai rufe ba, sai a haifi jariri babu ƙoƙon kai da yawancin ƙwaƙwalwa, kuma ba ya rayuwa. In na ƙasa ne, sai a ga ƙullutu ko buɗaɗɗen wuri a gadon baya, sau da yawa tare da shanyewar ƙafafu, rashin riƙe fitsari da taruwar ruwa a kai. In ragowar ƙwayoyin tsagar farko ba su shuɗe ba, suna iya zama ƙari a gindin ƙashin baya, wanda in likita ya yanka zai tarar da gashi, ƙashi, wani lokaci har da haƙori, domin ƙwayoyin suna da ikon zama kowace shimfiɗa. Tagwaye masu kama ɗaya ma, bisa bayanin da aka saba koyarwa, lokacin rabuwa ne ke tsara zamansu: in da wuri ne kowa da mabiyiyarsa, in an jinkirta su yi tarayya a mabiyiya ɗaya, in ya wuce kwana 13 rabuwar ba ta kammala, a haife su manne. Ɓarin farkon ciki kuwa, kamar rabinsa daga kuskuren adadin kuromosom ne da ya auku tun ranar haɗuwa ko kafinta. Ba daka ko ɗaukar tulu ne ya jawo irin wannan ba, ba kuma hannun kishiya.

A mako biyun farko abu mai cutarwa galibi ko ya kashe tayin ko ya bar shi ya murmure sarai, saboda ƙwayoyin ba su kama aiki ba, wata na iya maye gurbin wata. Daga mako na uku zuwa na takwas labari ya sauya. Duniya ta koyi wannan da tsada. A 1941 likitan ido Norman Gregg a Ostireliya ya lura cewa jariran da aka haifa da yanar ido uwayensu sun yi ƙyandar Jamus a farkon ciki. Daga 1957 zuwa 1961 an sayar da maganin talidomaid, wanda ya fito daga Jamus ta Yamma, ana ba masu ciki don barci da tashin zuciya. Jarirai fiye da 10,000 aka haifa da naƙasa, da yawa hannuwa ko ƙafafu guntaye. Da aka bi diddigi sai aka ga ɓarnar tana tsakanin kwana na 20 da na 36 ne, kuma ranar da aka sha ita ke nuna gaɓar da za ta taɓu. Amurka ta tsira daga mafi yawan wannan saboda wata jami'ar hukumar magunguna, Frances Kelsey, ta ƙi sa hannu a sayar da shi.

Ta ɓangaren bincike, tun da aka haifi Louise Brown a Ingila ranar 25 ga Yulin 1978, jaririya ta farko da aka haɗa ƙwanta a ɗakin gwaji, makon farko ya zama abin kallo kullum. Kwamitin Mary Warnock a Birtaniya ya ba da shawara a 1984 cewa kada a raini tayi a waje fiye da kwana 14, dokar ƙasar ta tabbatar da haka a 1990, wasu ƙasashe suka bi. Sun zaɓi kwana 14 ne saboda tsagar farko: kafin ta, abu ɗaya na iya zama mutum biyu. Shekaru da dama dokar ba ta takura wa kowa ba don babu mai iya kaiwa nan, sai a 2016 da rukunin Magdalena Zernicka-Goetz a Cambridge da na Ali Brivanlou a Amurka suka kai kwana 12 zuwa 13 suka tsaya da kansu. A 2021 ƙungiyar masu binciken ƙwayoyin asali ta duniya ta sassauta matsayinta, ta ce a duba kowace buƙata da kanta. A 2023 kuma wasu rukunoni, ciki har da na Jacob Hanna a Isra'ila, suka haɗa abin da ya yi kama da tayin mako biyu daga ƙwayoyin asali, babu ƙwai babu maniyyi.

A ganina iyakar kwana 14 ta yi amfani, kuma bai kamata masu bincike su kaɗai su ɗage ta ba, ko da yake na yarda amsar yawan ɓari da naƙasa tana ɓoye a kwanakin da ke bayanta. Mu ma maganar ta shafe mu, tunda asibitocin dashen ciki sun yawaita a manyan biranen Najeriya, kuma sau da yawa dashe kan bar ragowar tayi a daskare. Malamanmu sun daɗe suna karantar da matakan halitta da suka zo a Suratul Hajji da Suratul Muminun, fikihu kuma yana da bahasi mai faɗi kan kwana 40 da kwana 120. Abin da ya yi ƙaranci shi ne zaman malami da likita a tabarma ɗaya, kowa ya ji abin da ɗan'uwansa ya sani.

Abin da ya fi kusa da gidajenmu shi ne folik asid. Wani babban gwaji da hukumar binciken lafiya ta Birtaniya ta wallafa a 1991 ya nuna cewa a matan da suka taɓa haihuwar jariri mai buɗaɗɗen bututun laka, shan sa ya rage maimaituwar lalurar da kashi 72 cikin 100. Amurka ta wajabta zuba shi a garin hatsi daga 1998. Amma amfaninsa a wannan fanni yana ƙarewa ne ranar da bututun ya rufe, wato mako biyu kacal bayan ɓatan wata. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna ƙasa da mace 1 cikin 5 ce a Najeriya ke fara awo a wata ukun farko, a wurinmu kuma ga kunyar cikin fari, ga ɓoye ciki har sai ya fito. Ƙwayar folik asid da aka karɓa a wata na biyar tana taimaka wa jini, amma ta makara ga laka.

Saboda haka duk macen da ke iya ɗaukar ciki, musamman amarya, ta fara shan maikurogiram 400 na folik asid kullum tun kafin ciki ya shiga, ta kuma yawaita wake, gyaɗa da ganye irin alayyafo. Wadda ta taɓa haihuwar jariri mai wannan lalura, da mai ciwon suga, da mai shan maganin farfaɗiya, musamman balfurowet, su ga likita kafin su nemi ciki, kada kuma su daina maganinsu da kansu. Wadda ta yi ɓatan wata ta dakata da jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin kemis da ba likita ya rubuta ba. Magidanta da iyayen amare, ku sa folik asid cikin kayan da kuke saya wa amarya tun kafin ta tare.